Fashin Baƙi: Kalmar “Chubby” Yabo Ce Ko Zagi Cikin Ladabi?

Idan mutum ya dubi wani ya ce masa “chubby”, yabonsa ya yi ko kuwa zaginsa ya yi cikin ladabi? Wannan tambaya tana yawan tasowa tun da kalmar ta shigo hirar matasa ta yau da kullum, har ta kai ana ganinta a sanarwar neman aure, inda za ka tarar an rubuta cewa ana neman mace “fara, doguwa, chubby”, sai ka ce kalmar Hausa ce wadda kowa ya san iyakarta. Wasu suna ɗaukarta kalmar lallashi, wasu suna ganin ba ta da maraba da ce wa mutum lukuti, wasu kuma suna zaton ita ce likita yake nufi idan ya ce nauyin mutum ya wuce kima. Kowane ɓangare yana da inda ya dace da inda ya kauce, domin kalmar tana sauya launi gwargwadon shekarun wanda aka faɗa wa, da kusancin da ke tsakaninsa da mai maganar, da kuma ƙasar da ake maganar a cikinta.

Furucinta da ma'anarta

Haruffa biyun farko, wato “ch”, daidai suke da “c” ɗin Hausa da ke farkon “ciki” ko “cokali”. Wasalin da ke biye kuwa, duk da “u” aka rubuta, Bature yana furta shi ne kusa da gajeren “a”. Saboda haka da za a rubuta kalmar bisa ƙa'idar Hausa, “cabi” za a rubuta, ba “cubi” ba, ko da yake a Najeriya an fi jin “cobi” a bakin jama'a, kuma ba wanda zai kasa gane abin da ake nufi.

Kalmar sifa ce, kuma abubuwa uku ne suka haɗu a cikinta. Akwai ƙiba, amma 'yar kaɗan, ba wadda ta kai ga hana mutum sakat ba. Akwai taushi da zagayen jiki, shi ya sa ba a faɗa wa ɗan dambe ko ɗan kokawa mai murɗaɗɗen jiki ita, komai kaurinsa. Sannan akwai wani abu na uku wanda ƙamus ba ya iya kamawa sosai, wato sha'awa da tausayi irin wanda babba yake ji idan ya ga ƙaramin yaro. Wannan na ukun shi ne tushen duk rikicin, kamar yadda za mu gani.

Hausa tana da kalmar da ta yi kusa da ita ƙwarai. A kai jariri ɗan wata biyar gidan kakarsa, ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta ga wuyan hannunsa ya yi ninki kamar an ɗaure shi da zare, cinyoyinsa sun yi gaɓa-gaɓa, kumatu sun cika har sun matse ɗan bakin, abin da za ta ce shi ne, “Tubarkalla, wannan miji nawa ya yi ɓulɓul.” Da kakar Baturiya ce a Landan, kalmar da za ta zo bakinta ita ce “chubby”. Nan ne gidan kalmar na asali, kuma shi ya sa kalmomin da ta fi tafiya tare da su a Turanci duk na yara ne ko na sassan jiki: “chubby baby”, wato jariri ɓulɓul, da “chubby cheeks”, wato cikakkun kumatu, da “chubby fingers”, wato gajerun yatsu masu nama. A irin waɗannan wurare ba wanda zai ji haushi.

Ta fuskar nahawu ba ta da wahala. Idan ana kwatanta mutum biyu sai a ce “chubbier”, idan an fi biyu a ce “chubbiest”, sunan yanayin kuma “chubbiness”. A duka ukun harafin “y” na ƙarshe yana komawa “i”, kuma ɗalibai suna yawan yin tuntuɓe a nan wajen rubutun jarrabawa.

Daga sunan kifi aka samo ta

Akwai wani kifin ruwan daɗi da ake samu a kogunan Turai, Ingila ma tana da shi, sunansa “chub”. Kifi ne mai kaurin jiki da faffaɗan kai da dunƙulallen baki, kuma sunan nasa yana cikin Turanci tun ƙarni na 15. A farkon ƙarni na 17 ne aka soma ganin “chubby” a rubuce, da ma'anar abin da ya yi kama da wannan kifi, wato gajere mai kauri. Hanyar ginin kalmar sananniya ce a Turanci: a ɗauki suna a liƙa masa “y” ya zama sifa, kamar yadda “salt”, gishiri, yake zama “salty”, mai gishiri.

Abin lura shi ne cewa a farkon lamari babu wani lallashi a cikinta, kwatance ne kawai, kuma ba kwatance mai daɗin ji ba, tunda ba wanda yake murna a ce ya yi kama da kifi. Daga baya ne ta yi laushi. A ganina wannan “y” ta ƙarshe ta taimaka, domin kunnen Bature ya saba jin irin wannan sauti a ƙarshen kalmomin da ake yi wa yara magana da su, irin su “baby” da “mummy” da “tummy”. Masana nahawu za su ce ɗafin ba iri ɗaya ba ne, kuma gaskiyarsu, amma kunne ba ya tambayar asalin ɗafi. Yau da wuya ka sami Baturen da zai tuna da kifi idan ya furta kalmar, sai dai ko mai zuwa kamun kifi da ƙugiya a ranar hutu.

Ita da 'yan uwanta

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce “plump”. Wannan ta shigo Turanci ne daga harsunan yankin Holan da arewacin Jamus, inda “plomp” yake nufin abu mai kauri maras kaifi, kuma kafin ta koma bayanin jiki an yi amfani da ita ga mutum maras ladabi mai magana gatsal. Yau ma'anarta cikar jiki mai kyan gani. Bambancinta da “chubby” a wurare biyu yake. Na farko, “plump” ta fi dacewa da babba, musamman mace mai shekaru, har akwai wata tsohuwar magana da ake cewa “pleasantly plump”, wato mai jiki daidai sha'awa, wadda yanzu ake jin ta kamar maganar kakanni. Na biyu, “plump” ba ta tsaya ga mutane ba. Ana faɗa wa tumatir da ya nuna ya cika, da kaza mai tsoka, da matashin kai da ya sha auduga, da leɓe mai kauri. Tana kuma zama aikatau: idan aka bubbuga matashi domin ya tashi, sai a ce an yi “plump up” ɗinsa, a Turancin Ingila kuma “plump for” yana nufin mutum ya tsayar da zaɓi a kan abu bayan ya yi ta kai-komo. “Chubby” ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. Wanda ya je kasuwa ya kira tumatir “chubby” za a gane shi, amma za a ɗauka barkwanci yake yi.

Sai uwar gayya, “fat”, wadda tsohuwar kalma ce tun daga Tsohon Turanci, kuma asalinta abin da aka ciyar har ya yi kitse, kamar ragon layya da aka turke. Ita ce kalma mafi sauƙi, ita ce kuma mafi zafi. A Ingila da Amurka, ce wa baligi “fat” a gabansa yana kusa da zagi, kuma kusan duk sauran kalmomin an tanade su ne domin a kauce mata.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. “Pudgy”, wadda mutanen Ingila suke cewa “podgy”, tana kusa da “chubby” amma babu sha'awar a cikinta, akwai ɗan raini. “Stout” da “portly” an fi faɗa wa dattijo mai tumbi da kwarjini, irin wanda babbar riga take yi wa kyau. “Stocky” gajere ne kakkaura mai ƙarfi, ba lalle mai kitse ba. “Curvy” kuma ta mata ce, kuma ba ƙiba take nufi kai tsaye ba, diri take nufi, wato cikar ƙugu da ƙirji tare da ɗan siririn tsakiya. Haka ma “thick”, wadda da wannan ma'ana ta fito daga bakin baƙaƙen fatar Amurka kafin ta bazu ta intanet, yabo ce ga mace mai cikar ƙugu da cinya. A nan sai an yi hattara, domin a Ingila idan aka ce mutum “thick” ne, daƙiƙi ake nufi. Ina kyautata zaton mafi yawan samarin da ke rubuta “chubby” a sanarwar neman aure, “curvy” suke nufi, wato abin da Bahaushe yake kira dirarriyar mace, ba mace mai kumatun jarirai ba.

Kalmomin likita daban suke

Babu likitan da zai rubuta “chubby” a katin mara lafiya, domin ba ta da ma'auni. Kalmomin asibiti biyu ne, “overweight”, wato nauyin da ya wuce kima, da “obese”, wato mai matsananciyar ƙiba, kuma kowace tana da lamba. Ta biyun daga Latin take, daga “obesus”, wanda aka gina a kan aikatau mai nufin ci.

Ma'aunin da ake amfani da shi ana kiransa BMI, wato awon nauyin mutum gwargwadon tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ne ya fito da lissafin a shekarun 1830, sannan wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau a 1972. Yadda ake yi shi ne a ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, baligin da lambarsa ta gaza 18.5 ramamme ne, daga 25 zuwa sama nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma an shiga ƙibar da ake kira “obesity”. A ɗauki mace mai tsawon mita 1.65. Idan nauyinta kilo 60 ne lambarta 22 ce, daidai take. Idan ta kai kilo 70 lambar ta zama 25.7, ta ɗan haura. Idan ta kai kilo 85 kuwa lambar ta kai 31.2. To, abin mamaki shi ne dukkan matan nan uku ana iya samun wanda zai kira su “chubby”: ta farko saboda tana da kumatu, ta biyu saboda ta ɗan yi jiki, ta uku kuma saboda mai maganar yana jin nauyin ya faɗi gaskiya. Kalmar da za ta rufe kilo 25 a jikin mutum ɗaya ba za ta yi aikin awo ba.

Alƙaluman hukumar na shekarar 2022 sun nuna cewa baligai biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, wato kashi 43 cikin 100, daga cikinsu kuma kimanin miliyan 890 sun shiga rukunin “obesity”, wato kashi 16 cikin 100. Yawan masu irin wannan ƙiba cikin baligai ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Shi kansa BMI ɗin ba ya rasa masu suka, tunda ba ya bambance tsoka da kitse, kuma ba ya nuna inda kitsen ya taru, alhali na tumbi shi ne ya fi haɗari. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa mutum ya riƙa auna zagayen cikinsa da igiyar awo irin ta tela, ya tabbatar bai kai rabin tsawonsa ba. Su kuma ƙananan yara ba a auna su da waɗannan lambobi na manya, jadawalin girma da ke cikin katin awon jariri ake dubawa.

Me ya sa Turanci ya tara kalmomin kewaye-kewaye?

Ba tun fil azal Turawa suke ƙyamar ƙiba ba. Mai zanen nan na yankin Filandas da ke Beljiyam ta yau, Peter Paul Rubens, wanda ya rayu daga 1577 zuwa 1640, ya shahara da zana mata masu cikar jiki a matsayin abin sha'awa, har Turanci ya gina sifa daga sunansa, “Rubenesque”, wadda har yau ake faɗa wa mace mai jiki cikin yabo. A lokacin da abinci yake da wuya, mai ƙiba shi ne mai hali.

Lamarin ya soma juyawa ne a ƙarni na 19, da abinci ya wadata a birane. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi a kan yadda ya rage ƙibarsa ta hanyar barin burodi da sukari da dankali da makamantansu, kuma littafin ya karɓu har sunansa ya zama aikatau na rage cin abinci. A ƙarni na 20 kamfanonin inshorar rai na Amurka, musamman Metropolitan Life, suka soma fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo, saboda sun lura cewa masu nauyi sun fi saurin mutuwa, kuma mutuwar wanda ya sayi inshora asara ce a wurinsu. Masu tallan tufafi da masu shirya finafinai suka ƙara wa wutar fetur. Kafin a ankara ƙiba ta tashi daga alamar wadata ta koma alamar kasala da rashin kamun kai a idon jama'a, ita kuma “fat” ta zama kalmar da ake jifa da ita.

Idan kalma ta yi zafi haka, mutane sukan nemi mai sanyi. A shekarun 1950 kamfanin tufafi na Lane Bryant a Amurka ya riƙa buga talla yana cewa zai aika wa “chubbies” kundin hotunan kaya kyauta, yana nufin 'yan mata ƙanana masu jiki, kamar yadda aka riƙa kiran awon kayan yara maza masu jiki “husky”. A lokacin ana ganin wannan ladabi ne. Amma yarinyar da aka kai ta sashen “chubby” na kanti ta san abin da ake nufi, ƙawayenta na makaranta ma sun sani, don haka ba a daɗe ba kalmar ta kwashi zafin da aka so ta ɓoye. Yau babu kantin da zai rubuta ta a allo, “plus size”, wato babban awo, ake rubutawa, ita ma kuma an soma ƙorafi a kanta. Haka abin yake tafiya: muddin ana ƙyamar abin da kalma take nuni gare shi, duk sabuwar kalmar da aka kawo sai ta gurɓace.

Ɓangarorin da ke jayayya

A Amurka da Birtaniya mutane sun rabu a kan wace kalma ce ta dace. Akwai masu fafutukar kare haƙƙin masu ƙiba, waɗanda ƙungiyarsu mafi daɗewa, NAAFA, aka kafa ta a Amurka a 1969. Da yawansu sun zaɓi su kira kansu “fat” kai tsaye, suna cewa kalma ce ta bayani kamar dogo ko gajere, kuma kewaye-kewaye irin na “chubby” da “curvy” yana nuna cewa akwai abin kunya da ake ƙoƙarin rufewa. Sun fi ƙin “obese”, domin a ganinsu tana mayar da jikin mutum cuta. Fafutukar tasu ta kai ga doka a wasu wurare: jihar Michigan ta haramta nuna bambanci a wurin aiki saboda nauyi tun 1976, birnin New York ma ya yi irin wannan doka a 2023.

Likitoci sun bi wata hanyar. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana matsananciyar ƙiba a matsayin cuta a 2013, kuma yanzu ana koya wa ma'aikatan lafiya su ce mutum yana fama da ƙiba, maimakon su mayar da ƙibar sunansa, kamar dai yadda Bahaushe mai ladabi zai ce “mai fama da lalurar ido” maimakon ya kira mutum da lalurarsa. Dalilinsu na aiki ne: wanda aka muzanta a asibiti ba ya son komawa.

Akwai kuma masu cewa lallashin ya yi yawa, musamman game da yara. A Ingila ana cewa “puppy fat”, a Amurka “baby fat”, ana nufin ƙibar ƙuruciya da za ta zube da kanta idan yaro ya miƙe. Sau da yawa takan zube, amma ba kullum ba, kuma yaron da ya shiga shekarun balaga da ƙiba mai yawa ya fi yiwuwar ya girma da ita. Uwar da ke kiran ɗanta mai shekara goma “chubby” tana iya kasa ganin abin da malamar asibiti za ta gani da kallo ɗaya.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya, amma abin da ya fi muhimmanci ga mai koyon harshe shi ne cewa su kansu masu harshen ba su daidaita ba. Kalmar da masu ita suke faɗa a kanta, baƙo ba ya shigarta da ka.

Inda Bahaushe yake yin tuntuɓe

A wurinmu ƙiba ba ta rasa mutuncinta gaba ɗaya ba. Amarya ta je gida bayan wata uku, gwaggonta ta dube ta ta ce, “Masha Allah, 'yar nan kin murje, kin yi jiki, aure ya karɓe ki,” kuma amaryar ta sunkuyar da kai tana murmushi, domin an yabe ta an kuma yabi mijinta. Da rama ta yi, da tambayoyi ne za su biyo baya. Ba mu kaɗai ba ne: Efik na Kalaba suna da al'adar killace budurwa a ciyar da ita kafin aure, a Muritaniya ma an san ɗura wa 'yan mata abinci domin su yi ƙiba, ko da yake duka biyun suna ja da baya. Wannan tunani ya shiga Turancin Najeriya, inda “you have added”, wato ka yi jiki, gaisuwa ce ta fatan alheri.

Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauki wannan gaisuwa aka tsallaka teku da ita. Wani ƙanena da ya je karatun digiri na biyu a Ingila ya ba ni labarin abin da ya same shi bayan hutun Kirsimeti. Wata abokiyar karatunsu Baturiya, wadda suke aikin rukuni tare, ta dawo daga gidan iyayenta fuska ta cika, shi kuma da zuciya ɗaya ya so ya ce mata hutu ya karɓe ta. Ya san “fat” ba ta da daɗi, sai ya zaɓi wadda yake ganin ta fi taushi, ya ce mata ta zama “chubby”. Ya ce murmushin da ke fuskarta ya ɗauke kamar an kashe fitila, ta tattara takardunta ta koma wata kujera, sauran 'yan rukunin kuma kowa ya dukufa a kan kwamfutarsa. Sai da aka tashi wani ɗalibi ɗan Ghana da ya daɗe a ƙasar ya ja shi gefe ya ce masa, “Ɗan'uwa, a nan ba a taɓa maganar jikin mutum, ko da yabo ne.” Ya ba ta haƙuri washegari ta karɓa, amma ya ce har suka gama shekarar gaisuwarsu ba ta wuce ta baki ba.

Kuskurensa ba na ƙamus ba ne, domin ƙamus ya gaya masa gaskiya cewa kalmar tana da taushi. Abin da bai gaya masa ba shi ne cewa taushin na yara ne. Baligi idan aka ce masa “chubby” yana jin abu biyu lokaci guda: an lura ya yi ƙiba, kuma an yi masa magana kamar jariri. Mutum yana iya faɗa wa kansa ita cikin raha, miji da mata ko aminai na ƙut-da-ƙut suna iya tsokanar juna da ita, amma abokin aiki ko malami ko baƙo ba shi da wannan hurumi. Ko a gida ma abin yana sauyawa, domin 'yan matan birni da yawa a Kano da Kaduna da Abuja ba sa jin daɗin “kin yi ƙiba” kamar yadda iyayensu suka ji.

Akwai wani tuntuɓen na nahawu da ya kamata a ambata, ko da a taƙaice. Wasu suna mayar da kalmar suna, su ce suna son “a chubby”. A karin maganar titi na Turawa, wannan siga tana da wata ma'ana ta batsa wadda ba ta da alaƙa da ƙiba, kuma ba ta dace a fayyace ta a nan ba. A bar ta a matsayin sifa, a biyo ta da sunan abin da ake sifantawa.

Ƙiba daban, kumburi daban

Tun da kalmar ta zama abin nema a kasuwar aure, ta soma yin wani aiki da ya wuce harshe. Masu sayar da magungunan ƙiba, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da “sha ka fashe”, suna tallata su da alkawarin mayar da siririya “chubby” cikin makonni. Biyu daga cikin sinadaran da aka fi samu a irin waɗannan haɗe-haɗe su ne cyproheptadine da dexamethasone. Na farkon maganin ƙaiƙayi da atishawar da ke zuwa idan jiki bai jitu da wani abu ba ne, wanda yake buɗe ciki ya kuma sa barci, shi ne kuma yake cikin ruwan maganin nan Apetamin da hukumomin kula da magunguna na Birtaniya da Amurka suka yi gargaɗi a kansa. Na biyun ya fi haɗari. Idan aka daɗe ana shansa ba bisa umarnin likita ba, yana tara ruwa da kitse a fuska da ƙeya da ciki, yayin da hannuwa da ƙafafu suke sirancewa, yana kuma jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, ya raunana garkuwar jiki. Wanda ya daɗe a kansa kuma ba ya daina shi farat ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali, domin yankewa kwatsam tana iya kai mutum ga halaka.

Zagayayyiyar fuskar da wannan magani yake kawowa tana da suna a Turancin asibiti, “moon face”, wato fuska kamar wata daren sha huɗu, kuma alamar illa ce, ba “chubby cheeks” ba ce. Irin wannan ruɗani yana faruwa da yara ma. Yaron da ke fama da tamowa mai kumburi yakan cika a kumatu da ƙafafu, har mai kallo daga nesa ya ce ya yi ɓulɓul, alhali ruwa ne ya taru a jikinsa. Ma'aikatan lafiya suna gane shi ne ta hanyar danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron biyu na daƙiƙa uku. Idan aka ɗaga yatsa wurin ya dawo nan take, nama ne. Idan ramin ya zauna, kumburi ne, kuma a ranar ya kamata a kai shi asibiti.